Wa ya ce sun yi kwantai? Yadda jaridu da talabijin na ƙasar Sin suka karya farashin marasa aure

Duk wadda ta taɓa kasa kaya a kasuwa ta san wannan dabara. Mai saye ya zo ya tsaya, ya ɗaga zane ya juya shi, ya yatsine fuska, ya ce: "Hajiya, ai wannan ya yi kwantai." Shi kansa ya san zanen lafiya lau yake, so yake ki karaya ki sallama masa da araha. To, a ƙasar Sin, wadda muka fi sani da ƙasar Shinuwa, an kusa shekara 20 ana yi wa mata marasa aure irin wannan tayi. Masu tayawar kuma ba ƙananan mutane ba ne. Jaridun gwamnati ne, da gidajen talabijin, da kamfanonin dalilan aure.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Daga Gwanzu da Yiwu ƴan kasuwarmu ke ɗauko atamfa da takalma da kwanuka da salula, kuma Shinuwa ne suka gina matatar mai ta SORAZ a Damagaram. Mun san kayansu sarai, amma abin da ke dafuwa cikin gidajensu ba kowa ya sani ba. A shekarar 2013 an ɗaura aure miliyon 13 da kusan rabi a ƙasar. A 2024 an ɗaura miliyon 6 da ƴan kai. Cikin shekara 11 ke nan aure ya ragu da fiye da rabi. A 2022 kuma yawan jama'ar ƙasar ya ja baya, abin da rabon da a gani tun 1961, lokacin babbar yunwa. Magabatan Pekin sun damu ƙwarai, kuma suna da dalilin damuwa. Abin dubawa shi ne wa aka ɗora wa laifi, kuma da bakin wa aka ɗora.

Labarin ya soma da kalma guda. A 2007 ma'aikatar ministan ilimi ta ƙasar ta fitar da jerin sababbin kalmomi 171 da suka shigo harshen Sinanci. Cikinsu akwai "sheng nu". "Nu" mace ke nan, "sheng" kuma shi ne abin da ya saura, kalmar da suke amfani da ita ga ragowar abinci. Da Hausa sai mu ce matan da suka yi kwantai. Kafofin labarai na gwamnati suka ɗauki kalmar suka yi ta yayatawa, suka sa mata iyaka: macen birni mai ilimi da aikin yi, wadda ta kai shekara 27 ba ta yi aure ba. A nan wurinmu, inda mafi yawan mata ke shiga ɗaki kafin shekara 18, wani zai ce ai 27 ta yi nisa da gaske. Sai dai a can doka ba ta yarda mace ta yi aure kafin shekara 20 ba, namiji kuma sai 22, kuma wadda ta bi jami'a ba ta gamawa sai wajen 22 ko 25. Tazarar da aka bar mata tsakanin "kin yi ƙanƙanta" da "kin yi kwantai" ba ta wuce ƴan shekaru ba.

Har mataki-mataki aka yi musu a rubuce-rubucen lokacin, kamar yadda ake ware hatsi: daga 25 zuwa 27 suna guda, daga 28 zuwa 30 wani suna, daga 35 zuwa sama kuma sunan da ya fi kowane ciwo. A watan Maris na 2011, ƴan kwanaki bayan ranar mata ta duniya, shafin babbar ƙungiyar mata ta ƙasar, wadda jam'iyya mai mulki ta kafa tun 1949, ya buga wata maƙala mai cewa irin waɗannan mata ba su cancanci tausayi ba. Maƙalar ta ce kyawawa ba su buƙatar dogon karatu kafin su auri mai kuɗi, marasa kyau ne ke fakewa da neman digiri, kuma kafin su gama sun tsufa sun dushe kamar lu'ulu'un da ya canza launi. Kun ji fa. Daga ƙungiyar da aka kafa don kare mata.

Yanzu mu buɗe littafin lissafi, don a nan ne maganar ta ƙi zama. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 ƙasar Sin ta yi aiki da dokar ɗa guda. Iyalai da yawa, musamman na karkara, sun fi son ɗa namiji, don shi ke riƙe sunan gida, shi ke ɗaukar nauyin tsofaffi. Da na'urar hoton ciki ta yaɗu, sai aka riƙa zubar da cikin ƴaƴa mata. A 2004 an haifi maza 121 a kan kowace mata 100, alhali bisa ɗabi'a 105 ne ko kusa da haka. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun ɗara mata da kusan miliyon 35, adadin da ya fi jama'ar Nijar gaba ɗaya. Ƙidayar 2010 kuma, wadda aka yi ana tsakiyar wannan surutu, ta nuna matan da ke tsakanin shekara 30 da 34 waɗanda ba su taɓa aure ba wajen 5 ne cikin 100, maza kuwa sun ninka haka har da ƙari. To, Alhaji, a kasuwar da masu saye suka fi kaya yawa, wane kaya ne ke kwantai?

Waɗanda suka saura da gaske maza ne, kuma su ma suna da sunansu tun da daɗewa: "guanggun", wato sandar da ba ta toho, tuzurun da ba zai bar zuriya ba. Galibinsu ƴan ƙauye ne, talakawa, masu ƙarancin karatu. Sinawa da kansu suna da yadda suke bayyana abin. Namiji lamba ɗaya yana auren mace lamba biyu, lamba biyu ya auri lamba uku, haka har ƙasa, don namiji ba ya son matar da ta fi shi ilimi ko albashi. Ƙarshe a bar mace lamba ɗaya a sama, a bar namiji lamba huɗu a ƙasa. Ita tana Shangai tana aikin lauya, shi yana gona a lardin Gansu ko Guizhou, ba abin da zai haɗa su. Amma ita ce ta cika fuskar jaridu, ita aka yi ta zanawa a zanen barkwanci da tabarau da takardar digiri a hannu, tana zaune ita kaɗai.

Me ya sa ita? Wata mai bincike Ba'amurkiya, Leta Hong Fincher, wadda ta yi digirinta na dokta a jami'ar Tsinghua ta Pekin kuma ta fitar da littafi kan batun a 2014, ta ja hankali kan wani abu. A farkon 2007, shekarar da kalmar ta shiga jerin ma'aikatar ilimi, magabatan ƙasar sun fitar da wata takarda kan yawan jama'a, inda suka koka da rashin daidaito tsakanin maza da mata, da kuma abin da suka kira ƙarancin ingancin al'umma. A fahimtarta, gwamnati na son mata masu ilimi su yi aure da wuri su haifi ƴaƴa "masu inganci", kuma hanya mafi sauƙi ita ce a tsorata su. Akwai masu ganin ta ɗora wa gwamnati fiye da kima, suna cewa matsin iyaye ya girmi kowace jarida, kuma wannan gaskiya ne. A al'adarsu rashin barin zuriya babban saɓa wa iyaye ne, tun zamanin kakanni. Mu ma nan mun san tashen gwauro cikin azumi, ba rediyo ya kawo shi ba. Amma tsokanar unguwa daban, sunan da ma'aikatar minista ta sa wa hatimi daban. Mu da ke zama bayan makirfo mun san abin nan: kalmar da ka maimaita safe da yamma, bayan wata guda za ka ji ta a bakin mai shayi kamar da ita aka haife shi.

Bayan gwamnati sai masu neman riba suka shigo, kuma su ne suka fi iya talla. A 2010 an fitar da wani binciken jin ra'ayi da ya ce fiye da maza 90 cikin 100 na ganin ya kamata mace ta yi aure kafin shekara 27. Jaridu suka yi ta bugawa. Wa ya yi binciken? Wata cibiya mai alaƙa da ƙungiyar matan nan, tare da Baihe, kamfanin haɗa aure ta intanet. Dillali ke nan ya auna kaya, ya kuma faɗi farashi. A 2014 wannan kamfani ya sa wata talla a talabijin: wata kaka tana tambayar jikarta ko ta yi aure, shekara bayan shekara, ranar da ta gama jami'a, ranar da ta samu aiki, har kakar ta kwanta asibiti. Sai jikar ta yanke shawarar daina zaɓe, ta zo gaban gadon da kayan amarya da miji a gefe. Dubban mutane sun yi tir da tallar, amma ta riga ta shiga ɗakunan iyaye, kuma an sa ta daidai lokacin bikin sabuwar shekararsu, lokacin da kowa ke komawa gida kamar yadda muke yi da Salla. A wannan lokaci ne tambayar "yaushe?" ke sauka kan matasa daga kowace gwaggo da kowane kawu, har ta kai wasu na hayar saurayi ko budurwa ta intanet, a biya kuɗin kwana, a je a nuna wa iyaye.

Shirin da ya fi kowane tasiri ya soma a watan Janairun 2010 a talabijin na lardin Jiangsu. Sunansa Fei Cheng Wu Rao, ma'ana in ba da gaske kake ba kar ka dame ni. Mata 24 ne ke tsaye, kowace da fitila a gabanta. Namiji ya fito ya faɗi aikinsa da abin da ya mallaka, wadda bai yi mata ba ta kashe fitilarta. Miliyoyin mutane ke kallo. A shirin ne wani saurayi maras aiki ya tambayi wata budurwa ko za ta hau bayan kekensa su zaga gari, ta ce gara ta yi kuka cikin mota BMW. Ƙasar ta ɗauka. Hukumar da ke sa ido kan rediyo da talabijin ta tsawata a watan Yunin shekarar, aka hana fariyar dukiya a irin waɗannan shirye-shirye, aka zaunar da wata malama daga makarantar jam'iyya a cikin shirin don ta riƙa daidaita zance. Daga farkon 2012 aka rage shirye-shiryen nishaɗi na dare a manyan tashoshi daga 126 zuwa 38 a mako. Amma maganar BMW ta riga ta zama tambari. Bayan an ce mata marasa aure sun cika zaɓe, yanzu an ƙara da cewa sun cika son kuɗi, kuma bakin mace guda ya ishi shaida.

Iyaye kuwa sun fita da kansu. A wani lambun shaƙatawa da ke tsakiyar Shangai, kowace Asabar da Lahadi tun wajen 2004, tsofaffi na jera lemomi a buɗe a ƙasa, kan kowace lema an manna takarda: shekarar haihuwa, tsawo, karatu, albashi, akwai gida ko babu, akwai mota ko babu. Kasuwa ce sosai, har da dillalai. Galibi ƴaƴan da ake tallar ba su ma san an kai su ba.

Iyayenmu mata ƴan kasuwa, ga inda ya kamata ku kasa kunne, don tsoro yana da farashi. A watan Agustan 2011 kotun ƙoli ta ƙasar ta fitar da wata fassara ta dokar aure. Bisa fassarar ta wancan lokaci, idan iyayen ɗaya daga cikin ma'aurata suka saya masa gida aka rubuta sunansa, gidan nasa ne shi kaɗai in aure ya mutu. Haka kuma wanda ya biya kuɗin farko kafin aure aka rubuta sunansa, gidan na iya zama nasa, ɗayan kuma a biya shi diyyar abin da ya zuba. A al'adarsu sunan miji ake rubutawa. Abin da Hong Fincher ta tarar a hirarrakinta shi ne mata masu albashi, saboda gudun kar a kira su kwantai, suna gaggawar aure, su zuba ajiyarsu wajen sayen gida ko ƙawata shi, su kasa cewa a sa sunansu a takarda don kar saurayi ya fasa. Wannan kuwa a shekarun da farashin gidaje ke ninkawa a manyan birane, lokacin da gida ya zama babbar dukiyar iyali. Wadda aka karya wa zuciya ba ta ciniki. Ta sallama, kuma abin da ta sallama shi ne jarinta.

Sai kuma kasuwa ta juya, kamar yadda ta saba. Ranar 11 ga watan 11, saboda lambobi huɗu da ke tsaye kamar sanduna, ɗaliban jami'a a Nanjin sun mai da ita ranar tuzurai tun shekarun 1990, suna taruwa su ci abinci su yi wa kansu dariya. A 2009 kamfanin Alibaba ya ga dama a ciki: in ba ka da wanda zai saya maka, saya wa kanka. Shaguna 27 suka shiga shekarar farko, aka yi cinikin kusan yuan miliyon 50. A 2019 cinikin yini guda ya kai yuan miliyar 268, abin da ya ninka kasafin kuɗin ƙasarmu na wannan shekara kusan sau 10. Masu odar kaya ta salula a Maradi da Yamai sun san rangwamen 11.11, ko da ba su san daga wasan tuzurai ya taso ba. Ƙidayar 2020 ta sami gidaje miliyon 125 da mutum ɗaya ke zaune ciki, wato gida ɗaya cikin huɗu, ko da yake akwai tsofaffi da ƴan ci-rani a lissafin. Masana'antu suka shiga ƙera ƴar tukunyar shinkafa ta mutum guda, ƙaramin firji, ƙaramin injin wanki. Gidan abinci na Haidilao har ƴar tsana yake zaunarwa a kujerar da ke fuskantar mai cin abinci shi kaɗai. A 2016 kamfanin man shafawa na SK-II ya yi wani ɗan fim inda mata marasa aure suka je lambun nan na Shangai suka rataya hotunansu da saƙo ga iyayensu cewa suna lafiya, ba su rasa komi ba. An yi kuka, an yaba, an kuma sayi man. Macen da aka zaga jiya don a sayar mata da miji, yau an yabe ta don a sayar mata da kwalba. Ni dai ban ga tausayi a ko ɗaya ba, amma na biyun aƙalla bai raba ta da gidanta ba.

Abin da ya canza wasan da gaske shi ne salula. Da jarida da talabijin ke magana, marasa aure na saurare. Yanzu a Weibo da Douyin da Xiaohongshu su ke magana, suna nuna ɗakunansu da tafiye-tafiyensu, suna lissafa kuɗin gida da na renon ɗa da na makaranta, suna ba da labarin auren da ya zama duka. Wasu sun juya kalmar kanta, don a Sinanci akwai wata "sheng" mai sauti iri ɗaya da ke nufin nasara. A 2016 wasu matasa sun yi karo-karo suka sayi allon talla a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Pekin, suka rubuta wa iyaye cewa mutum na iya jin daɗin rayuwa ba tare da aure ba. Matsakaicin shekarun auren fari ya tashi daga kusan 25 a 2010 zuwa kusan 29 a 2020. Tsoratarwa ta yi aiki kan ɗaiɗaikun mata, ta jawo musu hasara, amma ba ta tsayar da lissafin ƙasa ba.

Magabata sun ga haka, suka sauya murya. An yarda da ƴaƴa biyu daga 2016, uku daga 2021. A 2021 aka sa wa'adin kwana 30 na huce fushi kafin a raba aure, kuma a watan Afrilun shekarar dandalin Douban ya rufe wasu zaurukan mata masu kiran a ƙaurace wa aure da haihuwa. A watan Oktoban 2023 shugaba Xi Jinping ya gaya wa shugabannin ƙungiyar mata su gina sabuwar al'adar aure da haihuwa. A farkon 2025 hukumar da ke kula da intanet ta sa yayata ƙin aure da ƙin haihuwa cikin abubuwan da za a share lokacin bikin sabuwar shekara. Sannan aka fito da kuɗi. Wata gunduma a lardin Zhejiang ta yi alkawarin yuan 1000, wajen jika 80 namu, ga ma'auratan da amaryarsu ba ta wuce shekara 25 ba, abin da ya jawo dariya a intanet a 2023. A 2025 gwamnati ta soma ba da yuan 3600 a shekara ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 3, ta kuma sauƙaƙa rajistar aure, ba sai mutum ya koma garinsu ko ya karɓo littafin iyali daga hannun iyaye ba. A wannan shekara wani kamfanin sinadarai a lardin Shandong ya umarci ma'aikatansa marasa aure, daga shekara 28 zuwa 58, su yi aure kafin ƙarshen Satumba ko a sallame su. Da surutu ya yi yawa, hukuma ta sa ya janye.

Su kuwa tuzuran ƙauye, waɗanda lissafi ya bari tun farko, har yanzu ba su da shirin talabijin nasu, don mai talla ba ya bin wanda ba shi da abin saye. Suna fitowa a labarai ne in an zo maganar kuɗin aure, wanda a wasu ƙauyukan lardin Jiangxi ya wuce yuan dubu 200, wajen sefa miliyon 16, ban da gida a birni da mota. Ko kuma in asiri ya tonu kan matan da ake safararsu daga Biyetnam da Bama da Pakistan ana sayar musu. A watan Janairun 2022 wani ɗan bidiyo ya nuna wata mata mai ƴaƴa 8 ɗaure da sarƙa a wuya cikin wani ɗan ɗaki a gundumar Feng ta lardin Jiangsu. Hukumomin wurin sun fara musanta cewa sayo ta aka yi. Masu salula suka ƙi yin shiru har aka aiko bincike daga sama, aka tabbatar an sayar da ita fiye da sau ɗaya, aka hukunta jami'ai, kuma a 2023 kotu ta ɗaure mijin shekara 9. Kafin wannan bidiyo, masu ɗaukar hoto sun sha zuwa gidan suna nuna mutumin a matsayin uban da ke fama da renon ƴaƴa 8, jama'a na aiko masa da taimako.